ALWALA DA MUDU ƊAYA: NASIHA GA ƳAN'UWA NA TAWA DA ADAR

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya saukar da ruwa daga sama, Ya rayar da ƙasa bayan mutuwarta. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, idan damina ta jinkirta mukan fita bayan gari, manya da yara, mu yi sallar roƙon ruwa muna ƙanƙan da kai. To sai dai a ranar nan ɗin za ka ga wani daga cikinmu ya dawo masallaci, ya buɗe famfo, ya bar shi yana kwarara yana gaisawa da jama'a, kafin ya wanke fuska ruwan da ya zube ya isa a dafa tuwon gida guda. Da wane baki muke roƙon abin da hannunmu ke zubarwa?

Mu mutanen Adar ba mu ne za a koya wa darajar ruwa ba. Daminarmu ba ta wuce wata uku zuwa huɗu. Dattijanmu sun ga farin 1973 da na 1984, lokacin da rijiyoyi suka ƙafe, dabbobi suka faɗi, garuruwa suka watse. A shekarar 1984 ɗin aka fara aikin Keita da taimakon ƙasar Italiya, inda jama'a, mafi yawansu mata, suka riƙa ɗaukar duwatsu a ka suna jera su a kan tuddai don su tsayar da ruwan da ke gudu. A ƙasar Illela da Badagishiri manoma sun haƙa tassa da rabin wata a kan faƙo, har faƙon ya ba da hatsi. Waɗannan bayin Allah da guminsu suka tare ruwa a daji. Abin kunya ne a ce mu da ke cikin birni, famfo na tsakar gidanmu, mu ne masu sakinsa a lungu.

Ya inganta cikin Buhari da Muslim, daga Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan yi alwala da mudu ɗaya, ya yi wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Mudun nan kowa ya san shi, domin shi ne muke auna zakkar kono da shi: cikin tafin hannu biyu na mutum madaidaici, bai kai lita ɗaya ba. Ke nan alwala biyar ba ta cin lita biyar, jarka mai lita 25 kuwa ta ishi mutum biyar alwalar yini guda har da saura. An kuma ruwaito cewa ya iske Sa'adu yana alwala yana yawaita ruwa, sai ya hana shi, ya sanar da shi cewa akwai ɓarna a alwala ko da mutum yana bakin kogi mai gudana. Idan haka ne hukuncin mai kogi, ina ga wanda ke sayen ruwa daga ɗan garuwa?

Wasu suna zaton yawan ruwa shi ne yawan tsarki. Wannan kuskure ne, kuma sau da yawa wasiwasi ne na Shaiɗan. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya ji cewa ƙarancin ruwa tare da kyautata wanki shi ne sunna, ɓarna kuwa wuce iyaka ce. Abin da ake nema shi ne ruwa ya game gaɓa tare da cuɗawa, kuma wanki ba ya wuce uku. Saboda haka muna kira ga kwamitocin masallatai su dawo da buta. Mai buta yana ganin abin da ya rage masa, mai famfo ba ya gani.

A cikin gida ma Ishmawi ya ishe mu jagora. Malamanmu sun karantar da mu cewa ruwan da abu mai tsarki ya sauya shi ba ya alwala, amma yana amfani ga al'ada. To ruwan da aka wanke gero ko shinkafa a ba tumaki. Na ɗaurayar tufafi a yayyafa a tsakar gida kafin shara. Ruwan alwala kuwa a yi masa ƴar hanya zuwa gindin dogon yaro ko zogale, tun da sau biyar a yini ana ba itacen sha ba tare da an sayi ko ludayi ba. Wanda ya taɓa ganin layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya tun 1975 ya san abin da itace ke yi wa iska da rairayi. A yi ban ruwa da asuba ko bayan la'asar sakaliya, domin na tsakar rana rabinsa na rana ne. Ruwan da najasa ta sauya shi kaɗai ake kai wa masai.

Muna tunatar da magidanta musamman. Kada a ɗora wa mata da yara laifin, alhali famfon da ke ɗiga wata da watanni gyaransa yana wuyan maigida. Wanda yake ganin ɗigo ba komai ba ne, ya ajiye bokiti a ƙarƙashinsa bayan isha'i, ya duba da asuba. Idan damina ta sauka a tara ruwan indararo a randa da duro, amma a rufe su da kyau, don buɗaɗɗen ruwa gidan sauro ne. Wanda kuma Allah Ya hore masa famfo, maƙwabcinsa ba shi da shi, to abin da ya tsimin nan ya buɗe ƙofa a ɗiba, musamman a watannin Afrilu da Mayu da layi ke tsawo.

Allah Ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.