Gyaran Ƙwayoyin Gado: Ina Iyakar Magani?

A watan Nuwamban 2018, wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Sin, He Jiankui, ya sanar da haihuwar wasu tagwaye mata da ya gyara ƙwayoyin gadonsu tun kafin a dasa su a mahaifa, da nufin kare su daga cutar ƙanjamau. Duniya ta yi masa caa. Bayan shekara guda, kotu a Shenzhen ta ɗaure shi shekara uku.

Shekara biyar bayan wannan sanarwa, Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin sikila da aka gina a kan wannan fasaha ta gyaran ƙwayoyin gado, wato CRISPR. A wannan karon murna aka yi.

Me ya raba su? Masu fargaba sukan tuna da ayar Suratun Nisa'i da ta jingina canza halittar Allah ga aikin Shaiɗan, kuma fargabarsu tana da tushe. Sai dai Musulunci ya kwaɗaitar da neman magani. A Casgevy, ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyaci, a gyara su ta yadda za su koma samar da irin jinin da jariri ke zuwa da shi duniya, sannan a mayar masa. Da yardarsa aka yi, kuma gyaran a jikinsa zai tsaya. Tagwayen He kuwa babu wanda ya nemi izininsu, ba su da cutar da ake yi wa magani, kuma abin da aka taɓa zai iya bin 'ya'yansu da jikokinsu. Nan ne maganar kiyaye zuriya ta shigo, wadda malaman fikihu ke lissafawa cikin manyan manufofin shari'a.

Amma halaccin magani bai rufe tambayar ba. Kuɗin Casgevy a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, inda ake ƙiyasin haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara. Uwar da ke kwana zaune a asibiti tana matsa wa ɗanta ƙafa, ko labarin maganin bai kai mata ba. Wannan rashin adalci ya cancanci huɗuba da fatawa kamar yadda batun canza halitta ya samu.

Abin da ke hannun talaka a yanzu shi ne gwajin jini kafin aure, wanda jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024.