Ranar da ta Tsaya, da La'anar da ta Ɓata Hanya

A shekarar 1633 kotun Cocin Katolika a birnin Roma ta tilasta wa Galileo, dattijo mai shekara 69, ya janye maganarsa cewa duniya ce take kewaya rana. Cikin nassoshin da abokan hamayyarsa suka daɗe suna kafa hujja da su akwai babi na 10 na Littafin Joshuwa, inda aka ba da labarin tsayawar rana a kan Gibeyon har Isra'ilawa suka gama yaƙi. Hujjar tasu ba ta da wuyar ganewa: abin da aka tsayar, da ma tafiya yake yi. Galileo ya ƙare rayuwarsa a tsare cikin gidansa, ya rasu a 1642.

Tun a 1615, cikin wasiƙarsa ga gimbiya Kiristina ta Tuskani, ya kare kansa da maganar Agustin, bishop ɗin Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya. Agustin ya gargaɗi Kirista da kada ya jingina wa nassi shirme game da sararin sama, domin wanda ya san gaskiyar lamarin zai raina littafin baki ɗaya. Mu ma kullum muna cewa rana ta fito, rana ta faɗi, kuma ba wanda ya taɓa kiran manomi maƙaryaci saboda haka. Sai a 1992 Fafaroma John Paul na Biyu ya amsa a fili cewa malaman wancan zamani sun yi kuskure.

Na daɗe ina ɗaukar wannan labari a matsayin hukuncin ƙarshe: mai bin zahirin lafazi shi ne azzalumi, mai tawili kuwa shi ne mai hankali. Babi na 9 na Littafin Farawa ne ya rushe mini wannan tunani. A can Nuhu ya bugu, ɗansa Ham ya ga tsiraicinsa, la'ana ta faɗa kan Kan'ana, ɗan Ham. Ba a ambaci launin fata ba ko sau ɗaya. Amma a ƙarni na 19 limamai da dama a kudancin Amurka sun mai da Ham alamar baƙar fata duka, suka mai da la'anar izinin Allah na bautar da mu. Wannan tawili ne tsantsa. Da sun tsaya kan zahirin lafazi, da hujjar ta mutu tun a bakinsu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, mutanen nan ba su da mazhaba guda. Idan suka zo babi na 6 na wasiƙar Bulus ga Afisawa, inda aka umarci bayi su yi biyayya ga iyayengijinsu, sai su riƙe lafazi gam, su ce nassi ba ya son kwana-kwana. Wato sukan sauya ma'auni daga shafi zuwa shafi, gwargwadon abin da gonar auduga take bukata. Saboda haka idan mai wa'azi ya ce wannan aya zahiri ce, waccan kuma misali, abin da nake fara tambaya shi ne: da fassarar za ta jawo masa asara, zai yi ta haka?

Babi na 21 na Littafin Fitowa ya yanke hukuncin kisa ga wanda ya saci mutum ya sayar. Lafazinsa a fili yake, yana kuma cikin littafin da limaman nan suke buɗewa kowace Lahadi. Da aka tunatar da su, sai suka ce ayar ba ta shafi bayin da suka saya da kuɗinsu ba.