Algus Da Ido Ba Ya Gani

Daga cikin ajaban halittar Allah akwai wani ɗan itace da ke tsira a hamadar Sonora, tsakanin Amurka da Meziko, ana ce masa hohoba, wanda idan aka matse ƙwayarsa kusan rabin nauyinta yakan fito mai garai-garai, kalar zinariya; amma da masana sinadarai suka bincike shi, sai suka tarar ashe kaki ne narkakke, ɗan'uwan kakin zuma, wanda ya yi kama da maiƙon da fatar ɗan Adam ke fitarwa. Sa'ad da Amurka ta hana shigo da man dabbar bahar mai ba da ambar a farkon shekarun 1970, masu haɗa man shafawa suka koma ga man hohoba, ya yi tsada, kuma abin da ya yi tsada ba ya rasa mai gauraya shi da na araha.

A nan mas'alar take. Macen da ta je sayen man kaɗanya a kasuwa takan lakato kaɗan da ɗan yatsa, ta murza a bayan hannunta, ta shinshina, ta ga yadda yake narkewa, da haka kuma takan gane na kirki. To, ina dabararta ga man da aka rufe cikin kwalba, aka surka shi da man waken soya, alhali launinsa da santsinsa ba su sauya ba? Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tsibin hatsin wani mai sayarwa, ya ji danshi a ƙasa, ya kuwa tsawatar masa. Ni kuwa a ganina, na'urar da ke mayar da mai tururi, ta rarrabe sassansa ɗaya bayan ɗaya, ita ce wannan hannu a zamaninmu, domin hohoba tsantsa kusan babu kitsen da ke cikin sauran mai a jikinsa, saboda haka da zarar kitsen nan ya bayyana da yawa a awo, asirin mai algus ya tonu.

Wani zai ce tsoron Allah ya wadatar, ba sai an auna ba. Da haka ne, da magabata ba su naɗa muhtasibi yana zaga kasuwa yana duba mudu da sikeli ba, alhali su ne suka fi mu taƙawa. Fuƙaha'u sun ba mai saye haƙƙin mayar da haja idan aibinta ya bayyana, amma haƙƙin nan ba ya amfaninsa muddin babu mai bayyana masa aibin. Saboda haka nake ganin koyon wannan awo farali ne na kifaya, kuma malamanmu su daina ɗaukarsa ilimin duniya kawai, su riƙa kwaɗaitar da almajiransu a kansa.