Abin da Kunne Ke Ji Kafin Ido Ya Gani

Ranar kasuwa a Filinge, je ka wajen masu tukwane ka ga yadda mace ke sayen tulu. Ba ta yarda da idonta ba. Sai ta ɗaga shi, ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ta kara kunne. In ya yi amo garau, ta shiga ciniki. In ya amsa a dishe, ta ajiye shi ba ta ce uffan ba, ko da babu tabo a jikinsa. Tsagar tana nan, ruwa ne kawai bai tona ta ba tukuna.

Aikin da majo ko lokotoro ke yi ke nan sa'ad da ya ɗora maka ƙarfen nan mai sanyi a ƙirji. Wani likitan Faransa, René Laennec, shi ya fara wannan dabara a Faris a 1816, da takarda da ya naɗe kamar bututu. Shekara ɗari biyu da ɗoriya yanzu, kuma har yau abin sauraren ƙirji ba ya neman lantarki, abin da ya sa ya dace da ƙauyukanmu na Kurfai.

Zuciya tana da ƙofofi huɗu, kowace da marfin da ke hana jini komawa baya. Ƙara biyun da ake ji a kowane bugu rufewar marafan nan ce: ta farko ta biyun da ke tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa, ta biyu kuma ta waɗanda ke bakin manyan jijiyoyin da jini ke fita. Idan wani marfi ya ƙuntace, ko ya daina rufuwa ruf, jini yakan kutsa da huci, sai a ji wani "shuu" a tsakanin ƙararrakin. Idan kuma naman zuciyar ne ya gaji, jini ya yi mata yawa, akan ji ƙara ta uku ta biyo baya a hankali, bugun ya koma na sukuwar doki.

Wannan ta ukun ita ta fi tsaya mini a rai, saboda masu jego. Ƙasar Hausa na cikin wuraren da gazawar zuciya bayan haihuwa ta fi yawa a duniya. A Zariya, cikin shekarun 1970, masu bincike biyu, Davidson da Parry, sun ƙiyasta wajen mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu, suka kuma ɗora zargi kan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya bisa gadon da aka hura wa wuta. Kanwa kuwa ba baƙuwarmu ba ce, a kwarin Dallol Bosso da muke zaune ake haƙo ta, can kudu da mu. Daga baya Arnaud Cénac da abokan aikinsa a Yamai suka nuna a 1992 cewa matan da ke da cutar suna da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini. Masana suna ci gaba da muhawara kan musabbabin. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, zuciyar da ta raunana ba ta ɗaukar gishiri mai yawa, kuma kanwa gishiri ce.

To, ya abin ke faruwa a gida? Maijego ta fara haki in ta ɗauko ruwa. Ta kasa kwanciya miƙe, sai ta jingina. Tari da dare, ƙafafu sun kumbura. Uwar miji ta ce jego ne, a ƙara kunu, a ƙara wa ruwan wanka zafi. Da so take faɗa, ba da ƙeta ba, shi ya sa abin ke da ciwo. Minti biyar na sauraro a likitar ƙauye za su iya bayyana sukuwar nan da ruwan da ya taru a huhu, a fara maganin fitar da ruwa tun da sauran ƙarfi. Da yawa cikin matan da aka kama da wuri zuciyarsu tana farfaɗowa.

Yara ma suna da nasu. Ciwon maƙogwaro na ƙwayar cuta da ba a ba shi fenisilin ba yakan dawo bayan 'yan makonni da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, galibi tsakanin shekara 5 zuwa 15, ya bar tabo a marfin zuciya. Gaɓoɓin su warke, a manta. Hucin kuwa yana nan, in yarinya ce, yana jiran ranar da za ta yi cikin fari. Da an ji shi, allurar fenisilin duk bayan mako uku ko huɗu takan tsare marfin daga ƙarin lalacewa.

Kunne yana da iyaka, kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Ƙarancin jini, zazzaɓi da juna biyu duk suna sa huci a lafiyayyar zuciya, kuma yara da dama suna da shi ba tare da wata cuta ba. Wani bincike a Mozambik da Kambodiya a 2007 ya gano cewa hoton zuciya yana kama yara masu tabon marfi kusan ninki goma na abin da kunne ke kamawa. Amma daga Filinge zuwa Yamai wajen kilomita 180 ne, balle mutumin Abala ko Tukunus, ga kuɗin mota, ga halin tsaro a hanya. Ba kowa za a tura ba. Kunne ne ke zaɓen wanda tafiyar ta zame wa dole.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ma'aikacin lafiya ya rataya abin sauraro a wuya, yana rubuta magani bai ko taɓa marar lafiya ba, ko ya ɗora shi bisa riga da zane cikin hayaniya ya ce lafiya lau. Layi yana da tsawo, gaskiya ne. Sai dai sauraro na ƙwarai yana buƙatar shiru, a bi wurare huɗu a ƙirji, a juya mutum kan haƙarƙarinsa na hagu.

Maigida, idan matarka tana haki bayan haihuwa, kada ka jira arba'in. Kai ta likita yau, ka ce wa majo ya saurari zuciyarta.