In Kotu Ta Rushe Takardar Bashi, Shin Bashin Ya Sauka Daga Wuya?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Maganarmu ta wannan mako a kan bashi ce. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka da wuya a sami mai karanta wannan shafi wanda maganar ba ta shafe shi ba. Ga tambayar: mutum ya je ya nemi rance, an rubuta yarjejeniya ya sa hannu, ya karɓi kuɗi ya biya bukatarsa. Da lokacin biya ya yi, sai lauya ya duba takardar ya gano wani aibi a cikinta, ya ce masa, "Kwantar da hankalinka, babu kotun da za ta tilasta maka biya da wannan takarda." To, shin ya halatta ga Musulmi ya fita ta wannan ƙofa? In kuwa alƙali ya sallame shi, shin ya sallamu ke nan a wurin Allah?

Domin kada a ɗauka zancen shaci-faɗi ne, bari mu kawo shari'u biyu da aka yi. A watan Janairu na 1999 wata mata a Ingila ta ba da motarta jingina ga wani kamfani, ta karɓi rancen fam 5,000 na wata 6. Kamfanin ya ɗora mata fam 250 ladan rubuta takardu, sa'an nan ya rubuta a cikin yarjejeniya cewa abin da aka ranta mata fam 5,250 ne. To, dokar rance ta Ingila ta 1974 ta wajabta a rubuta ainihin adadin rance daidai, in kuwa ba a yi haka ba an hana kotu tilasta biya. Aka yi ta shari'a har ta kai gaban alƙalan Majalisar Sarakunan Ingila, waɗanda su ne kotun ƙoli ta ƙasar a wancan zamani, suka yanke hukunci a 2003. Ƙarshen al'amari matar ta tsira da motarta, ta tsira da fam 5,000, ba ta biya ruwa ba, har ma an sa kamfanin ya mayar mata da abin da ta riga ta biya. Daga baya Majalisar Dokokin ƙasar ta soke wannan sashe mai tsanani da wata doka ta 2006, aka bar wa alƙalai ikon duba kowace shari'a gwargwadon halinta a kan yarjejeniyoyin da aka ƙulla daga watan Afrilu na 2007.

Ta biyu a Nijeriya aka yi ta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashe na 22, ta ce mai riƙe da fili ba shi da ikon ba da shi jingina sai ya sami izinin Gwamna tukuna. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, an ba banki fili jingina a Legas domin lamunin bashi, amma ba a nemi izinin ba. Da banki ya tashi sayar da filin, sai mai shi ya garzaya kotu ya kafa hujja da rashin izinin, Kotun Ƙoli kuwa ta yanke a 1989 cewa jinginar ɓatacciya ce. A 1996, a wata shari'a dabam, kotun ta nuna cewa wanda nauyin neman izini ke wuyansa bai kamata a ji bakinsa yana neman amfana da sakacinsa ba. Hukunce-hukuncen da suka biyo baya ba su tsaya a kan hanya guda ba, alamar cewa al'amarin ya dami alƙalan su kansu.

Adalci ne mu faɗi cewa irin waɗannan dokoki ba don wasa aka kafa su ba. Mai neman rance galibi shi ne mai rauni, bukata ta matsa masa, sau da yawa ma bai karanta abin da ya sa wa hannu ba. Masu kafa doka sun tsananta wa mai ba da rance ne domin ya ji tsoron ɓoye gaskiyar adadi da sharuɗɗa. A shari'ar matar nan ma, alƙalin farko ya ga ruwan da aka ɗora mata ya wuce kima, har ya rage rabinsa. Musulunci ba ya ƙin wannan manufa, shi ne ma ya rigaye su gare ta. Amma abin da doka ta hana alƙali aikatawa dabam ne da abin da ke kan mutum tsakaninsa da Ubangijinsa.

Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani ita ce aya ta 282 ta Suratul Baƙara, kuma a kan bashi ta sauka. Ta yi umurni a rubuta bashi da ajalinsa, a kafa shaidu. Abin lura a cikinta shi ne, wanda a ke bi bashin shi aka ɗora wa shifta ga marubuci, aka kuma gargaɗe shi ya ji tsoron Allah kada ya rage komai. Watau tun daga farko an damƙa amanar gaskiyar takarda a hannunsa. Ayar da ke biye da ita ta yi maganar jingina a halin tafiya, sa'an nan ta nuna cewa in mutane sun amince wa juna ba tare da rubutu ko jingina ba, to wajibi ne wanda aka amince wa ya mayar da amanar. Da wannan ne mafi yawan malamai, har da na mazhabar Imamu Malik, suka fahimci cewa umurnin rubutu na mustahabbi ne, ko da ya ke Imamu Ɗabari da waɗansu sun tafi a kan wajabci. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, karɓar dukiya ita ke haifar da bashi. Takarda shaida ce kawai, kuma mutuwar shaida ba ta kashe haƙƙi.

Game da hukuncin alƙali kuwa, Uwar Muminai Ummu Salama ta ruwaito hadisi wanda ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa shi mutum ne, yana hukunci bisa ga abin da ya ji, kuma mai yiwuwa ne wani ya fi abokin shari'arsa iya tsara hujja. Sai ya yi gargaɗi cewa duk wanda ya yanka wa wani abu daga haƙƙin ɗan'uwansa, kada ya karɓa, domin guntun wuta ne aka yanka masa. To, jama'a, in hukuncin Annabi da kansa bai halatta wa mutum dukiyar da ya san ba tasa ba ce, ina ga hukuncin wani alƙali a Landan ko a Legas? Aya ta 188 ta Baƙara ma ta ambaci wannan hanya da sunanta, inda ta hana cin dukiyar juna da ƙarya, da kai maganarta gaban mahukunta domin a ci wani yanki nata alhali ana sane.

Haka zancen ya ke game da shuɗewar lokaci. A Ingila da jihohi da dama na Nijeriya, in mai bin bashi ya yi shekara 6 bai kai ƙara ba, kotu ba za ta saurare shi ba. Malaman Musulunci ma sun san irin wannan tsari. Kundin hukunce-hukuncen da daular Turkawa ta Santambul ta tsara tsakanin 1869 da 1876 bisa mazhabar Hanafiyya ya hana alƙali sauraron ƙarar bashi bayan shekara 15. Amma kundin ya bayyana cewa haƙƙi ba ya faɗuwa don daɗewa, kuma in wanda a ke ƙara ya amsa da bakinsa a gaban alƙali cewa bashin yana kansa, sai a sa shi ya biya. Ƙofar kotu ce ta rufe, littafin mala'iku yana nan a buɗe.

Wani zai ce, to ashe Musulmi ba shi da ikon ƙalubalantar yarjejeniyar rance ke nan, ko da an cuce shi? Yana da iko ƙwarai, wani lokaci ma wajibi ne. In an ƙirƙira takarda da sunansa alhali bai karɓi komai ba, ko ya biya an musa, ko an tilasta masa, ko an ruɗe shi, ko an sa yaro ko mai taɓin hankali ya dangwala hannu, duk waɗannan hujjoji ne da Shari'a ta san da su. Haka kuma sharaɗin zalunci. A ƙissar Barira, lokacin da Nana A'isha ta so sayenta domin ta 'yanta ta, iyayengijinta suka gindaya sharaɗin da ya saɓa wa hukuncin Allah, sai Annabi ya rushe sharaɗin, cinikin kuwa ya tabbata. Darasin da ke ciki shi ne, ana cire ruɓaɓɓen wuri a bar mai kyau.

Mafi girman sharaɗin zalunci shi ne kuɗin ruwa. A Hajjin Ban-kwana, shekara ta 10 bayan Hijira, Annabi ya soke dukan ruwan bashi na Jahiliyya, ya kuwa fara da na baffansa Abbas ɗan Abdul Muɗɗalibi. Amma aya ta 279 ta Baƙara, bayan ta yi shelar yaƙi ga masu cin ruwa, ta tabbatar wa waɗanda suka tuba daga cikinsu uwar kuɗinsu, domin kada su yi zalunci kuma kada a zalunce su. Ku duba wannan ma'auni. Mai cin ruwa, wanda laifinsa ya kai haka, ba a halatta wa kowa cinye uwar kuɗinsa ba. Saboda haka Musulmin da ya faɗa cikin rance mai ruwa, ya tuba ga Allah a kan shigarsa, in kuma doka ta ba shi hanyar kuɓuta daga ruwan, ya bi ta ba tare da ƙarya ba. Uwar kuɗi kuwa tana wuyansa har ya mayar. Da za a auna shari'ar Ingilan nan da wannan ma'auni, ruwa da ladan takardu su ne abin jayayya, fam 5,000 kuwa na mai su ne.

Wani kuma zai ce, ai banki mai ƙarfi ne, ba zai ji a jikinsa ba, ga shi kuma masu shi ba Musulmi ba ne. Wannan ruɗin Shaiɗan ne. Kuɗin banki ajiyar jama'a ce, a ciki akwai na ɗan fansho da na gwauruwa da na maraya. Kuma amana ba ta tambayar addinin mai ita. Daren Hijira Annabi ya bar Sayyidina Aliyu a Makka domin ya mayar wa Ƙuraishawa ajiyarsu, alhali suna neman ransa. Mugira ɗan Shu'uba ya zo ya musulunta da dukiyar da ya samu ta hanyar yaudarar abokan tafiyarsa a Jahiliyya, Annabi ya karɓi musuluntarsa, ya barranta daga dukiyar. Ya kuma bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir.

Ban da hisabin Lahira, akwai ɓarnar da ke aukuwa tun a nan. Duk ran da wani ya ci bashi ya sulale ta ƙofar lauya, masu ba da rance sai su ƙara ƙulle hannunsu, su tsawwala sharuɗɗa, su nemi jinginar da talaka ba shi da ita. Wanda zai sha wuyar kuwa shi ne manomin da ke neman taki da ɗan kasuwar da ke neman jari, waɗanda ba su ci nanin ba. Wanda ya gaza biya da gaske ba ya bukatar dabara, domin aya ta 280 ta ba shi haƙƙin a saurara masa har ya sami hali, ta kuma kwaɗaitar da mai bin bashi ya yafe. Sai ya je ya faɗi gaskiyar halinsa, ya nemi a daidaita. Mai hali da ke jan ƙafa kuwa, hadisi ya kira taurin bashinsa zalunci.

Ga 'yan'uwanmu lauyoyi, aya ta 105 ta Suratun Nisa'i ta hana zama mai kare maha'inta. Babu laifi lauya ya gaya wa mutum abin da doka ta ba shi, amma yana daga nasiha ya tuna masa abin da doka ba ta iya ɗauke masa. Masu ba da rance su ma su ji tsoron Allah, su rubuta adadi a sarari, su bar ɓoye ƙari a bayan sunaye masu daɗi, domin wanda ya haƙa rami a cikin takarda shi ya kan fara faɗawa.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka sa a shigar da ƙara, keɓe kai kaɗai ka tambayi zuciyarka: na karɓi kuɗin nan ko ban karɓa ba? In ka karɓa, to kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka tuna an kawo gawar wani sahabi, Annabi ya ƙi yi masa salla saboda bashin 'yan dinare, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Ka tuna kuma hadisin Muslim ya nuna ana gafarta wa shahidi dukan zunubansa ban da bashi. Ranar da za a biya shi da lada, babu lauya, babu ɗaukaka ƙara.

Allah Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya wadata mu da halal ga barin haram, Ya sa mu cika da imani babu haƙƙin kowa a wuyanmu, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.