Riƙe Wa Baƙo Aiki Ranar Bikinsa: Bashi Ne Ko Alheri?

Akwai ayyukan da ba su san hutu ba. Mai naƙuda ba ta jira a sauko daga Idi, haka ɗalibin kwana da zazzaɓi ya kama ba ya duba kalanda. Saboda haka duk ranar da mu mutanen Yalwawa muka yi ado muka nufi Garu kallon hawan Sarkin Dutse, to akwai wani da ya tsaya a bakin aiki domin mu samu tafiya. Sau da yawa kuwa wannan mutumin baƙo ne.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Tun kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, makarantun sakandare na tsohuwar Jihar Kano cike suke da malamai daga Indiya da Pakistan da Masar da Gana. A Jahun ma, tun 2008 ƙungiyar likitocin nan ta MSF take aikin karɓar haihuwa da gyaran yoyon fitsari, inda 'yan ƙasa da baƙi suke aiki kafaɗa da kafaɗa. A irin waɗannan wurare tsarin da aka saba shi ne musaya: ka riƙe mini Sallah, in riƙe maka Kirsimeti.

Ba mu raina wannan tsari ba, domin ya zaunar da ma'aikatu da yawa lafiya. Sai dai mu kira shi da sunansa. Irin gudummawar biki ce da iyayenmu mata suke yi, wadda ake rubutawa a littafi domin a mayar ran da naki ya zo. Ciniki ne mai tsabta, amma dai ciniki ne, kuma yana tafiya ne muddin kowa yana da abin bayarwa.

To, ina labarin ranar da lissafin ya ƙi fita? Shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kwana 11 ko kusa da haka, shi ya sa Sallah take zagaya shekara. A 2000 Ƙaramar Sallah ta faɗo cikin makon Kirsimeti, a 2006 kuma Babbar Sallah ta zo a ƙarshen Disamba. A irin wannan mako kowa gida yake so, babu wanda yake da ranar da zai bayar.

Abin da ya fi wannan damun mu shi ne baƙon da bikinsa ba ya cikin kalandarmu sam. Gwamnati tana ba da hutun Sallah biyu da Maulidi da Kirsimeti da Ista. Amma Kiristan Masar ko na Habasha, nasa Kirsimetin ran 7 ga Janairu ne, lokacin da kowa ya koma aiki. Ba'indiye mabiyin Hindu yana da Diwali tsakanin Oktoba da Nuwamba, ana tsakiyar zangon karatu. Wannan mutum ya riƙe mana Sallah, ya riƙe wa wasu Kirsimeti, ranarsa kuwa ta zo ta wuce yana tsaye gaban allo, ba wanda ya ce masa ko barka. Ba mugunta muka yi masa ba, ba mu tambaya ba ne kawai, kuma a ganinmu rashin tambayar shi ne laifin.

Wani zai ce ai kwangila ya sa wa hannu, kuma ana biyan sa. Gaskiya ne, mu ma ana biyan mu, amma albashi bai taɓa hana mu neman a riƙe mana aji ranar suna ko jana'iza ba. Mu da muke da dangi a kowane lungu mun san wanda za mu roƙa. Baƙo kuwa kunya da tsoron a ce ya cika fitina sukan rufe masa baki, don haka nauyin fara magana yana kan mai gari.

Abin ba ya bukatar takarda daga ma'aikatar ilimi. A farkon zango, lokacin da ake zaune ana raba jadawalin aiki, a tambayi kowa ranar da yake son ya kasance tare da nasa, ko da ta waya ce, sannan a rubuta sunan wanda zai shiga ajinsa a ranar.