Idan Ka San Hanya, Cacar Ta Halatta?



Akwai wata magana da take yawo a bakin samarinmu masu buga caca ta waya, kuma a ganina ta cancanci a ba ta amsa, ba tsawa kawai ba. Cewa suke yi: "Malam, caca ai ita ce ta karta da ƙuri'a, inda mutum bai san komai ba. Mu nazari muke yi, wanda ya fi sani shi yake ci." Da ƙwallon ƙafa aka saba kawo wannan hujja. Amma yanzu da manhajojin nan suka buɗe kowane irin wasa, har tseren keke na Turai ana zuba wa kuɗi. A tseren keken ne hujjar ta fi ƙarfi, don haka a can zan same ta.

Manyan tseren keke uku ne: na Faransa, na Italiya da na Sifaniya. Kowanne zango 21 ne cikin mako uku, kullum da wanda yake cin zangon ranar. Idan hanya shimfiɗaɗɗiya ce, kusan kowa ya san masu gudun ƙarshe ne za su raba gardama. Idan manyan duwatsu ne, sai 'yan tsirarun gwanayen hawa. Amma akwai zango na tudu da gangare, hawa gajere, sauka, wani hawan kuma. Wannan shi ne masu hasashe suka fi so, saboda nan ne ilimi yake aiki.

Dalili kuwa iska ce. Wanda yake tafiya a bayan wani, ko a tsakiyar ayari, ba ya shan wahalar wanda yake gaba yana tsaga iska. Shi ya sa idan mutum biyar ko goma suka ɓalle tun da wuri, ayarin yakan bar su, sai kusa da ƙarshe ya kamo su. To a hanyar tudu kamun ba shi da tabbas. Sai mai nazari ya zauna da taswira: tudun ƙarshe kilomita nawa ne tsakaninsa da layin gamawa? Wace ƙungiya ce za ta yarda ta ƙona mahayanta wajen kora? Waye zai iya haye tudun bai galabaita ba, kuma yana da sauran gudu a ƙafarsa? Wallahi wannan ilimi ne, ba duba ba ne, kuma ban ga laifin wanda ya iya shi ba.

Har misali zan ba su na ranar da nazari ya yi daidai. Ran 17 ga Mayu, 2022, zango na 10 na Giro d'Italia, daga Pescara zuwa Jesi, kilomita 196. Rabin farko a bakin teku, rabi na biyu tudu bayan tudu. Duk wanda ya san harkar zai ambaci mutum biyu: Mathieu van der Poel na Holan da Biniam Girmay na Eritiriya, don su ne suka zo na ɗaya da na biyu a zangon farko. Haka kuwa aka yi. Su biyun suka fafata a ƙarshe, Girmay ya ci yana ɗan shekara 22, ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zango a ɗaya daga cikin manyan tseren uku.

Sai me? A kan dandamalin karɓar kyauta, murfin kwalbar da aka ba shi ta murna ya fita da ƙarfi ya same shi a idon hagu. Asibiti aka kai shi, washegari bai hau keke ba. Wace taswira ce ta nuna murfin kwalba? A 2021 ma, zangon farko na Tour de France, wata 'yar kallo ta miƙo kwali kan hanya tana gaida kakanninta ta kyamara, Tony Martin ya ci karo da shi, mahaya da dama suka zube a bayansa.

Amma ku lura, 'yan'uwa, ba a nan nake kafa hujjata ba. Idan na ce haramcin saboda rashin tabbas ne kawai, sai wani ya ce ai manomi ma ba shi da tabbacin damina, ɗan kasuwa ma yana saro kaya su kwanta masa. Kuma ya yi gaskiya.

Tambayar da ta dace ita ce: kuɗin da ka ci, daga ina ya fito, kuma me ka bayar a madadinsa? Manomi idan damina ta yi kyau, gero ya ƙaru a duniya, ba sai maƙwabcinsa ya tafka asara ba kafin rumbunsa ya cika. Ɗan kasuwa ya ɗauko kaya daga inda suke ya kai inda ake nema, mai saye ya tafi da abu a hannu. Kai fa? Nazarinka bai ƙara wa Girmay gudun taku ɗaya ba, bai ma san kana duniya ba. Dubu biyar ɗin da ta shigo wayarka ta wani ce da ya zuba a kan wani mahayin ya faɗi, watakila kuɗin cefane ne, watakila na maganin mahaifiyarsa. Cinka ba ya yiwuwa sai da faɗuwarsa. Wannan shi ne maisir. Idan kuwa da gaske ka fi sauran sani, to ba abin da ya sauya illa ka zama gwani wajen kwashe kuɗin waɗanda ba su kai ka ba. Alƙur'ani ma bai musanta cewa akan samu wani amfani a giya da caca ba, a duba aya ta 219 ta Baƙara, amma ya rinjayar da zunubin. Sannan Ma'ida, aya ta 90 da 91, ta rufe ƙofar gaba ɗaya, ba ta ware gwani ba.

Ga kuma lissafin da kamfani ba ya tallatawa. Sukan haɗa mahaya biyu su ce zaɓi wanda zai riga ɗan'uwansa isa. A misali, kowane ɓangare an sa masa ninki 1.85. Kai ka zuba naira 1,000 a kan wannan, wani ya zuba 1,000 a kan wancan. Kamfani ya karɓi 2,000, ya biya 1,850, ya soke 150 a aljihu ko waye ya ci. Shi kaɗai ne a wurin ba caca yake yi ba.

Wasu sukan ce ai Manzon Allah (SAW) ya shirya tseren dawaki a Madina, kuma shari'a ta yarda da kyauta a tseren doki da raƙumi da harbi. Ƙwarai kuwa. Amma kyautar ta wanda ya hau ce, wanda ya yi gumi, don a ƙarfafa gwaninta mai amfani. Ban san wata mazhaba cikin huɗun nan da ta halatta wa 'yan kallo biyu su tsaya gefe su haɗa kuɗi a kan dokin wani ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali kuwa shi ne abin da tikitin nan yake yi wa zuciya. Mutanen nan a gangare sukan haura kilomita 80 cikin awa, ba komai a jikinsu sai 'yar riga da hular kwano. A Yunin 2023, Gino Mäder, ɗan shekara 26, ya faɗi a gangaren Albula a tseren ƙasar Suwizalan, washegari ya rasu. To ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: ka zuba kuɗi a kan wane ya riga wane, sai ka ga wanda kake adawa da shi ya zame a kwana ya bugi ƙarfe. Me ya fara zuwa zuciyarka, "subhanallah" ko "tikitina ya shiga"? Kafin ka sa kuɗi, da salati za ka yi. Naira dubu ɗaya ce ta mayar da kai mai murna da karayar ƙashin ɗan Adam.

Kallon tseren, matuƙar bai ci lokacin sallah ba, ban hana kowa ba. Ka buɗe taswira, ka yi hasashenka, ku yi ta musu da abokai a majalisa har dare. Amma da zarar an ce "wanda hasashensa ya faɗi shi zai sayi shayi", an shiga, ko da shayin na ɗari biyu ne. Wanda kuma akwai ragowar abin da ya ci a asusunsa, malamai da yawa sun ce ya tuba, ya fitar da shi ga mabuƙata ko aikin amfanin jama'a da niyyar rabuwa da shi, ba da niyyar sadaka ba. Sannan ya goge manhajar kafin zangon gobe.